Yadda aka kafa ƙaramar antena a dandalin unguwarmu a Garwa

Wata Talata ce cikin sanyin Janairun 2024, na fito da sassafe zan wuce shago sai na ga an shata wani ɗan wuri da jan fenti a dandalinmu an kuma buga turke a tsakiya, daidai ƙarƙashin babbar dalbejiyar nan da Goggo mai ƙosai take zama. Na tambaye ta nace Goggo wannan fa, tace wallahi ɗana jiya da yamma wasu mutum uku suka zo da mota, sun sa rigar nan mai ƙyalli, ɗaya yana riƙe da waya yana ɗagawa sama yana zagayawa, ɗaya yana auna ƙasa, ba su ce da kowa komai ba sai da suka gama suka sayi ƙosai na ɗari biyu suka tafi. Mai shayi yace shi ya ji suna maganar antena. Toh kafin azahar magana ta gama unguwa, wai za a kafa pilon, wato dogon ƙarfen kamfanin waya, a dandali.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka wani lambu ne irin na Yawunde mai ciyawa da furanni, a'a, filin ƙasa ne kawai, dalbejiya bakwai, bencin siminti biyu, famfo ɗaya a gefe. Amma duk rayuwar unguwar a nan take. 'Yan moto a bakin hanya, mai shayi, Goggo da kaskonta, yara da ƙwallo bayan la'asar, almajirai da allunansu da daddare, in an yi rasuwa a nan ake shimfiɗa tabarmi kwana uku, in ɗaurin aure ne ma nan. Kuma wanda ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura 40 kwanon ɗaki ya zama kamar tanda, ya san mece ce inuwar dalbejiya a wajenmu. Dattijan unguwa ne suka shuka su tun zamanin Ahijo, kuma Baba Alhaji, wanda shi kaɗai ya rage cikinsu, yana yawan faɗa mana yadda suke ɗebo ruwa a tulu suna ba su, suna kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ni gyaran waya nake yi a kusa da babbar kasuwa, na ɗan yi lise teknik, wato sakandaren koyon fasaha, kuma ni ne magatakardan kwamitin unguwa, shi ya sa da daddare Jauro, wato mai unguwarmu, ya aiko yaro ya kira ni. Na je na gaishe shi nace ranka ya daɗe gani, ya miƙo min takarda yace sati biyu da suka wuce aka kawo, shi ya ɗauka ta fitilun titi ce ya ajiye, karanta mana ka faɗa min da Hausa. Takardar da Faransanci take, shafi ɗaya da zane a baya. Ba pilon ba ne irin dogon ƙarfen nan ja da fari da ake kewayewa da katanga a sa maigadi da janareto. Ƙaramar antena ce da ake ɗaurawa a jikin poto kamar na fitilar titi, da akwatin kayan wuta a ƙasa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba ɓata wani nazo yi ba. Jauro ya yi shiru yace toh ni dai ban san wannan abu ba, kuma mutane sun fara zuwa min gida, kai ne kake taɓa wayoyi kullum, ka je ka bincika mana gaskiya, in da cuta mu ƙi tun wuri, in babu mu sani. Nace insha Allahu.

Cikin kwanakin nan abin da ban ji ba kaɗan ne. Saƙon murya a WhatsApp yana ta yawo, wai antena tana kashe tsuntsaye, tana hana haihuwa, tana kawo ciwon daji, wasu suka dawo da tsohuwar maganar nan ta 5G da korona. Ni ban taɓa ganin mutanenmu a matsayin marasa hankali a kan wannan ba, ka wayi gari ka ga an buga turke a inda 'ya'yanka ke wasa babu wanda yace maka ko sannu, dole zuciyarka ta tafi kan mafi munin abu. Akwai wata maƙwabciyarmu, Hajiya muke ce mata, mijinta ya rasu da ciwon daji bayan sun sha wahalar zuwa Yawunde har gida ya kusa ƙarewa, ita ta tare ni a ƙofar gida tace ɗana ka ji tsoron Allah a cikin wannan aikin da aka ba ka, kar a ba ka wani abu ka sayar da mu. Maganar ta zauna min a rai sosai, kuma ban ji haushinta ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sati uku na yi ina karatu da daddare bayan na rufe shago. Abu na farko da na fara ganewa shi ne dalilin da ya sa suke son wurin namu, don rezo, wato sabis ɗin waya, ai akwai a unguwar, sandunan waya a cike suke. Matsalar ba ta nisa ba ce, ta cunkoso ce. Ku tuna lokacin kofin Afirka da aka buga a nan filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, 'yan'uwa daga Yola da Mubi da Kano sun cika gari, kowa wayarsa na nuna rezo a cike amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya. Babban pilon kamar famfo ɗaya ne a unguwa, ruwa na zuwa amma in mutum ɗari suka jera bokiti kowa sai ya jira. Ƙaramar antena kamar a ja wani ɗan famfo ne a kai shi daidai inda jama'a suka fi taruwa, ba ta kai nisa, daga 'yan mitoci zuwa 'yan ɗaruruwan mita, ƙarfinta ma wat kaɗan ne in aka kwatanta da babba mai wat gommai da ke cin kilomitoci. Dandalinmu kuwa da yamma ga 'yan moto ga masu tura kuɗi ta waya ga samari masu kallon ƙwallo, dole idonsu ya kai wurin. A Turai ma na gani tun 2020 suka yi doka cewa irin wannan antenar in girmanta bai wuce lita 30 ba, wato jarkar ruwa da ɗan ƙari, ba sai an nemi izini ɗaya ɗaya ba, saboda suna so su yawaita a jikin fitilu da rumfunan jiran bas.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce aka aike ni. Abin da antena ke fitarwa irin na rediyo ne da talabijin, ba irin hoton ƙashi na asibiti ba ne mai iya lalata ƙwayar halitta, abin da aka tabbatar yana yi wa jiki in ya yi yawa ƙwarai shi ne ɗumamawa. Saboda haka wata hukumar masana mai suna ICNIRP ta sa iyaka a 1998 ta kuma sabunta a 2020, kuma ƙasashe da yawa da ita suke aiki. Ana aunawa da volt a kowace mita, iyakar kuma ta danganta da zangon da antenar ke aiki a kai kamar na tashar rediyo, a zangon 900 iyakar 41 ce, a 1800 kuma 58, daga 2100 zuwa sama 61. Hukumar lafiya ta duniya a 2006 ta fitar da bayani cewa babu gamsasshiyar hujja da ke nuna cewa raunanan siginar da ke zuwa daga antenonin waya na cutar da mutane. Amma akwai wata magana da na ga dole in faɗa wa jama'a ko da za ta ƙara musu tsoro, don in na ɓoye wani ya tono daga baya shikenan babu mai ƙara yarda da ni. A Mayun 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiyar, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa wannan siginar a rukunin da suke kira 2B, ma'ana mai yiwuwa ne tana iya kawo ciwon daji, hujja ba ta kai a tabbatar ba kuma ba ta kai a kore ba. Da na bi diddigi sai na ga binciken da suka dogara da shi na masu manna waya a kunne ne na tsawon lokaci, ba na masu zama kusa da antena ba.

Nan ne abin ya haɗu da abin da nake gani da hannuna a shago. Duk mai kawo min waya yace tana zafi batir na saurin ƙarewa, in na tambaya sau da yawa sai in ji ƙauye yake zuwa ko ɗakinsa rezo ba ya shiga. Waya ba saurare kawai take ba, ita ma magana take, in antena na nesa sai ta ɗaga murya, tsohon tsarin 2G yana iya kaiwa wat 2, in antena na kusa sai ta yi ƙasa da murya sosai. Ita kuwa wayar a jikin kunnenka take, antena tana can sama, kuma ƙarfin sigina in ka ninka nisa biyu raguwa yake zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar da ke kula da zangon sadarwa a Faransa ta gwada irin waɗannan ƙananan antenoni a garuruwa kamar Anesi da Montreuil, ta ga wayoyin da ke kusa da su sun rage ƙarfin da suke fitarwa. Wato abin da Hajiya take tsoro, in ma akwai shi, ya fi kusa da ita a cikin jakarta fiye da kan poto. Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗa mata wannan ba tare da ta ji kamar na raina mutuwar mijinta ba.

Jauro ya sa aka kira taro ranar Juma'a bayan la'asar a ƙarƙashin itatuwan, ya kuma aika cewa sai kamfanin ya turo mutum. Suka turo wani injiniya matashi, ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Fulatanci, yana yi da Faransanci ina juyawa Hausa wani malamin lekol, wato makarantar boko, yana juyawa Fulatanci. Mata suka zauna ta gefen famfo. Na faɗi duk abin da na samo har da maganar 2011 ɗin, na ga injiniyan ya kalle ni da ya ji na ambaci Liyon amma bai musa ba. Liman yace toh ku da kuke cewa akwai iyaka, wa zai auna, ku da kanku? Nace Allah gafarta Malam tambayar kenan, akwai hukumar ART da aka kafa tun 1998 don sa ido kan kamfanonin waya a Kamaru, amma mu ma muna iya cewa sai an auna a gabanmu. Hajiya daga can tace a tambaye shi in a ƙofar gidan uwarsa ne zai yarda a kafa. Na juya masa kamar yadda ta faɗa ban rage ba. Yace gidan da yake haya a Duwala akwai babba a saman benen da ke kallonsu, kuma 'yarsa a nan aka haife ta. Hajiya ba ta ce komai ba.

Ana shirin tashi Baba Alhaji ya ɗaga sandarsa. Shi duk wannan maganar sigina bai sa baki ba. Yace yaro tambaye shi, abin nan ai da wuta yake aiki, ta ina igiyar za ta bi? Wallahi sati uku ina karatu wannan tambayar ba ta zo min ba, ga zanen a bayan takarda ina ta kallonsa ban gane jan layin da ke jiki ba. Injiniyan ya shimfiɗa zanen a kan benci ya nuna, igiya biyu ce, ta wuta da ta fibir wadda ke haɗa antenar da sauran rezo, za a haƙa rami daga bakin titi a ratsa tsakiyar fili, ya wuce taku ɗaya daga gindin babbar dalbejiya. Sannan yace za a rage rassa biyu manya saboda ganye na tare sigina musamman in ya jiƙe, kuma akwatin za a kewaye shi da waya. Da na juya wannan da Hausa wurin ya yi tsit, sai Baba Alhaji yace dalbejiya saiwarta a kwance take tana bin ruwa, in ka sare ta gefe ɗaya iskar farkon damina za ta kwantar da ita, na ga an yi a bakin kasuwa. Daga wannan lokacin magana ta canza gaba ɗaya, har waɗanda suka zo da niyyar a kori mutumin suka koma cewa a kafa amma ba a nan ba.

Washegari muka zauna mu biyar a zauren Jauro muka rubuta sharuɗɗa. A matsar da poton zuwa kusurwar fili ta bakin titi inda babu itace. Ramin ya bi gefen kwalbati, kuma da hannu za a haƙa ba da inji ba. Ba za a taɓa reshe ko ɗaya ba. A sa fitila a jikin poton tunda dama kusurwar duhu ce. A manna lambar da za a kira in wani abu ya faru. A auna sigina a gaban jama'a bayan an kunna, a kuma dawo bayan wata shida a sake. Wasu samari suka matsa sai an sa kuɗin haya na unguwa, Jauro yace fili na hukuma ne ba na gadonmu ba, in akwai haya can za ta je, kuma ranar da muka karɓi kuɗi bakinmu ya mutu a kan itatuwan. Ni na goyi bayansa a nan, har yau wasu na ganin mun yi wauta amma ban canza ra'ayi ba.

Sai yawon takarda. Na buga a kwamfuta da Faransanci, Jauro da Liman da mutum talatin da wani abu suka sa hannu, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala, Goggo ma ta dangwala da hannunta mai manja. Na sayi tambur na manna na kai ofishin da abin ya shafa, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na koma aka ce dosiyen yana wani tebur, na koma na uku aka ce in kawo kwafi biyu, duk zuwa sai na rufe shago na hau moto. A na huɗu na samu wata mata a ofishin da ta karanta takardar har ƙarshe, tace ita ma a ƙarƙashin dalbejiya ta girma a garin Gidar, ta buga hatimin karɓa a kwafina ta rubuta kwanan wata tace wannan kar ka bari ya ɓace. Allah ya saka mata. Bayan kwana goma injiniyan ya dawo da wayarsa ta gwaji ya zagaya kusurwar, yace wurin bai kai na farko kyau ba amma zai yi in aka ƙara wa poton tsawo, ya kawo sabon zane, ya sa hannu a kan sharuɗɗan namu ni ma na karɓi kwafi. Na saka duka a leda na ajiye a shago cikin akwatin da nake ajiye wayoyin mutane.

Muna cikin azumi, wajen ƙarshen Maris, rana tsaka ina shago na buɗe wata waya sai ga ƙanen matata a guje ko takalmi babu, yace Yaya ka zo suna haƙa. Na ɗauki ledar na tare moto. Da na iso na tarar da lebura shida da diga da shebur sun riga sun ci kusan rabin fili, kan tsohon layin, kuma Goggo ta bar kaskonta ta shiga cikin ramin ta zauna da azuminta da tsufanta tace sai dai su haƙa da ita. A gefenta ga saiwa nan an datse, kaurinta ya kai cinyar babban mutum, farin cikinta a waje tana tsatsar ruwa, warin ɗacin dalbejiya ya cika wurin. Baba Alhaji yana tsaye ya dogara sanda yana kallon saiwar, bai yi faɗa ba, bai ce komai ba, ni dai ban iya kallon fuskarsa ba. 'Yan kwangila ne aka ba aikin, kuma tsohon zane aka ba su, shugabansu ya nuna min a wayarsa, shi ma ba laifinsa ba ne, leburorin kuwa yaran Allah ne masu neman na buɗa baki. Samari sun fara taruwa murya na tashi, na ji tsoron kar a taɓa wani. Na fito da takardar mai hatimi da sabon zanen na ɗora a kan benci, na kira injiniyan na sa a sifika kowa na ji, ya ba da haƙuri yace a tsaya. Jauro ya iso ya kori samarin, ya sa aka kawo wa leburorin tabarma suka zauna a inuwa.

Kwana biyu aiki na tsaye. Suka dawo suka cike ramin, suka haƙa sabo ta gefen kwalbati kamar yadda aka rubuta, mu kuma muka raba kanmu kullum mutum ɗaya na zaune a wurin har aka gama. Poton ƙarfe ne, ya ɗan fi na fitilar titi tsawo, antenar a can sama wani akwati ne ruwan toka da bai fi jarka ba, fitilar a ƙasa da shi kaɗan. Akwatin ƙasa ya kai ƙirjina, ciki akwai batura saboda ɗauke wuta, don kowa a nan ya san in rani ya yi nisa ruwan Lagdo ya ja baya wuta sai an yi rabo. In ka matsa kusa kana jin fanka na juyawa a ciki.

Bayan sallah da sati biyu aka zo awo. Na'urar kamar ƙwallon yara ce a kan sanda, an ɗora ta a ƙafa uku, mutumin yace kowa ya ja baya kuma a kashe waya, yana barinta minti shida a kowane wuri. Ya auna a gindin poton, a bencin siminti, a wurin Goggo, a inda almajirai ke zama, Liman yace a je ƙofar gidan Hajiya ma aka je. Ni nake karanta lambar da ƙarfi malamin lekol yana rubutawa a allo, mun rubuta 41 da 61 a sama don kowa ya kwatanta. Duk inda aka auna lambar ba ta kai 2 ba. Da aka gama nace masa don Allah ina da roƙo ɗaya, na karɓi tsohuwar wayar mai shayi irin mai madannai na kira lambata na kanga ta a jikin ƙwallon, nan take lambar ta yi sama ta ninka wadda muka gani a gindin poton sau da yawa, na janye wayar taku biyu ta faɗo. Na sake yi sau uku saboda na baya su gani. Gani ya kori ji, mutane suka fara ciro wayoyinsu suna jujjuyawa. Hajiya ta matso tace ɗana sake yi in gani, na sake, ta daɗe tana kallo sannan tace toh yaran nan da ke kwana da ita a ƙarƙashin filo fa? Nace Hajiya su ajiye ta gefe, in za su daɗe suna magana su sa a sifika ko abin kunne. Tace toh. Har yau ba ta zama a ɓangaren poton, in ta zo makoki can gefen famfo take shimfiɗa, kuma ban taɓa ce mata komai a kai ba.

Rezo kam ya gyaru, ba ƙarya, masu tura kuɗi sun daina ɗaga waya sama, da yamma bidiyo na tafiya. Abin da ba mu hango ba shi ne fitila da rezo mai kyau a wuri ɗaya samari suke tarawa, yanzu har ƙarfe ɗaya na dare suna nan a kusurwar da ƙarar waya, Malamin allo ya yi ƙorafi sau biyu, sai da Jauro ya sa doka cewa bayan sha ɗaya a rage murya. Tsuntsaye na nan yadda suke, har kurciya na sauka a kan antenar.

A watan Agusta da ruwa ya yi ƙarfi tsohon ramin da suka cike ya lotsa, ya zama kwari a tsakiyar filin ƙwallon yara, mu muka yi karo-karo muka sayo yashi da tsakuwa amalanke huɗu muka cike. Awo na biyu da aka sa hannu za a dawo bayan wata shida har yanzu ba a zo ba, na rubuta sau biyu, na kira lambar da ke jikin akwatin tana shiga ba a ɗauka, injiniyan kuma an mayar da shi wani gari. Ina shirin rubuta ta uku in kai da kaina, kwafin duka na nan cikin ledar.

Babbar dalbejiyar ba ta faɗi ba, Alhamdulillahi, amma ɓangaren da aka datse saiwar rassa uku sun bushe ƙayau, inuwar Goggo ta ragu har sai da ta matsar da kaskonta ta ɗaya gefen. Baba Alhaji ya sa muka haƙa ɗan gurbi a gindin muka zuba takin shanu, ya kuma raba wa gidaje kwanaki, kowane gida da ranar da zai kai bokiti biyu in rani ya shiga. Ranar gidanmu Laraba ce. Makon jiya da na kai nawa na same shi a wurin da wani jikansa, ya samo 'ya'yan dalbejiya biyu a gwangwanin tumatir yana nuna wa yaron inda zai haƙa, can nesa da layin igiyar, yace min in na tashi zuwa kasuwa in tambayo masa masu kawo ƙaya.